Fansa Biyu a Bakin Shuɗin Nilu

A rubuce ba ka rabe su. Nasara da Nasara, harafi shida, jeri ɗaya. Sai an buɗe baki. Ta farko gajera ce, ita ake yi wa ɗalibi fata ranar jarrabawa. Ta biyu ana ɗan jan ta a tsakiya, ita ce sunan da kakanninmu suka ba mutanen da suka shigo da bindiga mai ruwa. Garin Mai Wurno, da ke bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar kaɗan, ya samu ne ranar da kalmomin biyu suka haɗu a jimla guda: Nasara sun yi nasara. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi cikin Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nausa gabas, wajen 1906 suka yada zango a nan. Zangon ya zama gari, garin ya ci sunan mai shi.

Nasarar rinjaye daga Larabci take, nasru, taimakon da ke kai mutum ga galaba. Nasara mutane kuwa jam'in Nasrani ne, kuma galibin masana suna mai da shi ga Nazarat, garin da Yesu ya girma, wanda Larabawa ke kira Nasira. Wasu masu tafsiri sun bi ta wata hanya, suka ce daga ansar ne, mataimaka, domin haka hawariyawansa suka kira kansu. In ta nan aka bi, a Sudan abin sai ya ɗaure kai. Ansar shi ne sunan mabiya Mahadi, waɗanda suka gwabza da Nasara a Karari a 1898, kuma mutanen yamma da yawa, Fulani da Hausawa da Barebari, sun shiga sahunsu. Baƙaƙe uku ne, nun da sad da ra, aka raba su gida biyu, kowane gida da makaminsa.

Basudane bai haɗa addini da launin fata kamar yadda muka haɗa ba. Farin baƙo khawaja ne, kalmar Farisa mai nufin maigida. Mai bin addinin Kirista kuwa masihi ne, ko nasrani. Mu ne muka gama su, har zamanin Nasara ya zama zamanin haraji da boko da Razdan, ko mai mulkin yana zuwa coci ko ba ya zuwa.

Shi ya sa jimlar da nake son warwarewa take da ɗanɗano biyu a bakin Bahaushe. Ga jimlar: Kiristoci sun yi imani cewa ƙauna mai ba da kanta hadaya, ita da gafara, su ke cin nasara a kan mugunta. Ƙauyukan Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu na Musulmi ne, jikokin muhajirai da alhazan ƙafa da waɗanda auduga ta kira bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Ba coci za a je nema a cikinsu ba. Abin da suke da shi wanda Kano ba ta da shi, harshe biyu ne a baki ɗaya. Uku daga manyan kalmomin jimlar nan, hadaya da gafara da nasara, Larabci ne da ya tafi yamma a cikin littafi, ya zauna ɗaruruwan shekaru ya rine, sannan alhazai suka dawo da shi gabas a ƙafa. A nan ake iya tsayar da kalma kusa da 'yar'uwarta a ga wadda ta canza kama.

Ƙasar kanta ta san gicciye tun kafin ta san Bahaushe. Soba, mai tazarar kilomita 20 ko kusa da haka daga Khartum a bakin wannan kogi, ita ce babban birnin daular Alwa, wadda ta karɓi Kiristanci wajen shekarar 580 a hannun wani bishop mai suna Longinus. A ƙarni na 10 Ibn Sulaim al-Aswani ya siffanta ta da majami'u masu dukiya da lambuna. Lokacin da Funj suka kafa Sinnar a 1504 tata ta riga ta ƙare. Da addinin ya sake leƙo kudancin Shuɗin Nilu a ƙarni na 20, ta ƙofar suna ya shigo, kuma sunan namu ne. Mishan ɗin SIM, wanda aka kafa a 1893, Sudan ɗin da harafin S na sunansa na asali ke nufi ba ta Khartum ba ce. Biladus Sudan ce ta tsoffin littattafai, ƙasar baƙaƙe, kuma ƙasar Hausa ya nufa. Shi ne uban cocin ECWA. Sai da Italiya ta kore shi daga Habasha a ƙarshen shekarun 1930 ya faɗo Sudan ta taswira, ya buɗe tasha a Chali cikin ƙabilar Uduk, da Doro cikin ƙabilar Maban. A Agustan 1940 jiragen Italiya suka jefa bam a Doro, suka kashe Dokta Robert Grieve da matarsa Claire. Nasara suka kashe Nasara. A nan kalmar tamu ta gaza, ba ta iya nuna wane ne wane ba.

A fara da gafara, don ta fi kowace yawo. Tushenta a Larabci rufewa ne. Daga nan aka samo migfar, kwalkwalin da mayaƙi ke rufe kai da shi. Wanda aka gafarta wa an rufe laifinsa ke nan, ba a sake buɗewa. Da ta iso ƙasar Hausa sai ta sauko daga mumbari ta shiga kasuwa. Mai turin baro yana cewa gafara a ba shi hanya. Baƙuwa tana cewa gafaranku dai a ƙofar gida. Almajiri yana cewa Allah gafarta malam, ba don ya kama malam da wani laifi ba. Har sa ya samu rabonsa, tunda an gaji da gafara sa ba a ga ƙaho ba.

Amma in an zo ga laifi na gaske, Bahaushe ya fi barin gafara ga Allah. Ana cewa ka gafarce ni, gaskiya ne, sai dai yawanci in za a katse babba ne ko za a faɗi magana mai nauyi. Tsakanin mutum da mutum, in jini ya ɓaci, yafiya ake nema.

Yafe tana da hanya biyu a gabanta. Kunne yana jan ta zuwa Larabci, ya'afu, dangin afuwa. Ido kuma yana jan ta zuwa mayafi: mace ta kama gefen gyale ta wurga shi bisa kafaɗa, abin da ke gaba ya koma baya. Ta biyun ta fi burge ni, domin tana nuna motsin hannu, kuma ta sake kawo mu ga rufewa. Ko ta wace aka bi, abin lura yana cikin nahawu. Na yafe maka, salama ce. Na yafe ka, ba ta da magani: uwa ce ke cire ɗa daga cikin 'ya'yanta. 'Yar ƙaramar ma ce kawai tsakanin albarka da baki. Kuma ana yafe bashi, ana yafe gado, ana yafe tuwon da aka ga ba zai ciwu ba. Asalin aikin saki ne, buɗe hannu a bar abin da ake da ikon riƙewa.

Abin sha'awa, kalmar Girkanci da Sabon Alkawari ya fi amfani da ita, afiyemi, haka take sak. Ita ce sakin bashi, ita ce barin wuri, ita Bulus ya sa inda yake maganar miji ya rabu da mata, ita ce kuma yafe zunubi. A addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, Matiyu ya kira laifin bashi, Luka ya kira shi zunubi, kuma aiki ɗaya ne aka sa a wuri biyu: abin da ake roƙon Allah ya yi, shi mai roƙon yake cewa yana yi wa masu cin bashinsa. Bahaushe ya raba aikin, gafara sama, yafiya ƙasa. Addu'ar ba ta raba ba, kuma nauyinta ke nan.

A bakin Nilu kuwa afuwa ce sarauniya. In za a rabu rabuwa mai nisa, ko an haɗu ranar sallah, ana cewa al-afu wal-afiya. Bahaushen Sudan yana jin gida a nan, domin afiya ita ce lafiyarmu, al-afiya da muka haɗiye farkonta. Tushensu ɗaya, afuwa da lafiya, sai ka ce Larabci ya ɗauka wanda aka yafe wa ya warke. Uwa Basudaniya in ta ce wa ɗanta afya minnak, ta sauke masa duk haƙƙin nono da goyo ke nan, kuma ba shi da guzurin da ya fi wannan. Akwai kuma samihni, yafe mini, wadda ke zaune gida ɗaya da samih, kalmar da Sudan ke kiran duk abu mai kyau da ita, daga amarya har farashin da aka daidaita a kai. A ƙasan duka akwai ma'alesh, babu komai a kansa, wadda ake yi wa wanda aka taka da wanda aka yi wa rasuwa. Ita ce ba komai tamu, har da yadda ake faɗinta alhali akwai komai.

Kafara ba ta buƙatar dogon tsayi. Musulmi ya san kaffara, azumi 60 ko ciyar da miskinai. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932 bayan shekarun aikin Dokta Walter Miller na Zariya da abokansa, ya ɗauke ta ya ba abin da Yahudawa ke kira kippur. Tushenta a Larabci shi ma rufewa ne, kuma shi ya haifi kafiri, mai rufe gaskiya. Har manomi an kira shi da wannan suna a tsohon Larabci, don yana rufe iri da ƙasa. Kalmar da ta fi zafi wajen jifan Kirista da kalmar da Kirista ya ɗora begensa a kai, ciki ɗaya suka fito.

Ƙauna tamu ce, ba aro ba. Masu fassara sun same ta a gida, suka tsallake so. Sun yi daidai. So yana da faɗi har ya yi yawa: ana son Allah, ana son goro, ana son a tafi. Shi ke ba da son kai da son zuciya da son banza. Soyayya kuwa ta riga ta tare a littattafan kasuwar Kano. Ƙauna ba ta shiga waɗannan lungunan. Masu fassarar Larabci da aka kammala a Beirut a 1865 irin wannan zaɓin suka yi, suka ɗauki mahabba suka bar hubbu ga mawaƙa. Duka biyun suna ƙoƙarin kama agape ne ta Girkanci, ƙaunar da ba ta jiran a rama mata.

Hausa tana da ra'ayinta game da irin wannan ƙauna, kuma ba ta ɓoye ba: son maso wani ƙoshin wahala. In son wanda hankalinsa ke wani wuri ƙoshin wahala ne, me za a ce da ƙaunar maƙiyi, wadda Linjila ta umarta? Duk da haka harshen da ya yi wannan karin magana shi ne ya kira magabci abokin gaba. Aboki dai. Ya yarda cewa gaba ma zama ce da wani.

Sai hadaya. Duk maniyyaci ya san kuɗin hadaya, dabbar da ake yankawa a Mina. Daga hadyu take, dangin hadiyya, kyauta. Ga mutanen da kakanninsu suka bar Sakkwato da Haɗeja da niyyar Makka, wasu suka yi shekara da shekaru suna tsinkar auduga don tara kuɗin jirgin Sawakin, wannan kalma tana ƙarshen hanya ne, ita ake tafiya dominta. Masu fassara ita suka ɗauka suka ba duk yankan bagade, har mutuwar Yesu, wanda suke kira Ɗan Rago na Allah. Layya tana nan kusa, suka bar ta, ina jin don ta manne da rana guda a shekara.

Layya ma tana da labari. Harafin dad na Larabci in ya shigo Hausa lam yake komawa: ƙadi ya zama alƙali, wudu'u ya zama alwala, darura ta zama larura, farida ta zama farilla. Haka dahiyya ta zama layya. Yaron Mai Wurno yana faɗin duka biyun a yini ɗaya, layya ga kakarsa, dahiyya ga mai sayar da rago a kasuwar Sinnar. Sai dai dahiyya ta fi layya faɗi. Ita ce ragon sallah, ita ce kuma wanda mota ta kaɗe ko yaƙi ya ci, kuma daga gare ta aka ƙera tadhiya, ba da kai don wani. Larabci ya ɗaure rago da wanda aka zalunta da mai ba da ransa a igiya ɗaya, wanda kusan shi ne dukan abin da Kirista ke faɗi game da gicciye. Hausa ba ta bar layya ta yi nisa da turke ba. Da ta so maganar ba da kai, wajen sadaka ta je ta ƙero sadaukarwa, abin da aka bayar ba a karɓi ko anini ba.

To, ga wadda ta sa na ɗauki alƙalami. Fansa.

Mai Fansa, haka Kiristan Hausa ke kiran Yesu, Balarabe kuma ya ce al-Fadi. A Girkanci lutron ne, kuɗin da ake biya a saki bawa ko kamammen yaƙi. Bahaushe bai buƙaci a yi masa bayani ba. Ya san dangi su tara dukiya su fanshi nasu da aka kama. Ya san murgu, inda bawa ke yin sana'arsa yana kai wa ubangijinsa wani abu, ya san fansar kai, inda yake biya kaɗan-kaɗan har a rubuta masa takardar 'yanci. Yau ma, a Zamfara da Katsina, kuɗin fansa ba kalmar littafi ba ce.

Amma wannan fansar dai, ba a canza mata ko wasali ba, ita ake ɗauka. Ya ɗauki fansar ubansa, wato ya zubar da jini a madadin jini. Larabci ya gina katanga tsakanin biyun: fida'u daban, tha'aru daban, wanda Basudane ke cewa tar. Hausa ba ta ga dalilin katanga ba. A wurinta duk lissafi ɗaya ne. An yi rashi, an buɗe gurbi, dole wani abu ya shiga gurbin. In ka biya, fansa. In ka ɗauka, fansa. Bambancin yana ga fi'ilin da ke gabanta, da kuma aljihun da abin ya fito.

Ban san wani harshe da ya shirya wa aƙidar Kirista wurin zama kamar wannan ba, ko da bai nufa ba. Abin da aƙidar ke cewa shi ne, wanda yake da haƙƙin ɗaukar fansa shi ya juya ya biya ta, kuma da kansa ya biya. Ba ta ce babu bashi ba. Ba ta ce ma'alesh ba. Ta ce akwai, mai nauyi, amma mai bin bashin ya ɗauke.

Wanda ya taɓa kai kuɗi daji zai yi tambaya nan take: wa aka biya? Malaman coci ma sun yi ta, ƙarni bayan ƙarni. Origen na Iskandariya, a can ƙarshen wannan kogi, ya ce Shaiɗan ne ke riƙe da kamammu, shi aka miƙa wa, sai dai ya karɓi abin da ba zai iya riƙewa ba. Gregori na Naziyanzus ya ga abin kunya ne a ce ɗan fashi ya ci irin wannan riba. Anselm na Kantabari, wajen 1098, ya ce ba wanda ke bin bashin sai Allah, don girmansa aka taɓa. Musulmi kuwa tun daga ƙofa ya rabu da su, domin Alƙur'ani ya kore gicciye Annabi Isa, ya kuma ce wani ba ya ɗaukar nauyin wani. Fidiya tana nan ga tsohon da ya kasa azumi, fida'u tana nan ga mamaci, amma ba rai a madadin rai ba. Kalmomin ɗaya ne, ginin da aka yi da su ne ba ɗaya ba.

Sudan tana da 'ya guda da wannan magana ta bi ta jikinta. An haife ta a Darfur wajen 1869, cikin ƙabilar Daju. Tana 'yar shekara bakwai ko takwas masu farautar bayi suka sace ta, firgici ya sa ta mance sunan da iyayenta suka raɗa mata, bai kuma dawo ba har ta mutu. Su suka sa mata Bakhita, mai sa'a, daga bakht na Farisa. Masu bayi ko'ina suna da wannan ɗabi'a ta sa wa abin hannunsu suna mai daɗi. A fadar Kano an yi Ɗan Rimi mai suna Allah-bar-Sarki, addu'ar ubangijinsa ce yake amsawa. An sayar da ita hannu zuwa hannu, ta bi ta kasuwar al-Ubayyid. A gidan wani janar na Turkawa aka kira mai zane. Ta zo da kwanon farin gari, da kwanon gishiri, da aska. Ta zana fasali da garin a ƙirji da ciki da hannu, ta bi zanen da aska, ta cusa gishiri don kada tabon ya shafe. Yanka 114.

A 1883 mataimakin jakadan Italiya a Khartum, Callisto Legnani, ya saye ta, a 1885 ya fita da ita ta Sawakin, tashar da alhazanmu ke jiran jirgi. Ba wanda ya fanshe ta, a lura. Saye ne, sannan kyauta ga wani gida. Kotu ce a Venis, ranar 29 ga Nuwamban 1889, ta ce dokar Italiya ba ta san bauta ba, don haka ba mai ita. Da aka yi mata baftisma a Janairun 1890 aka ba ta sababbin sunaye, Josefina da Margarita da Fortunata. Na ukun fassarar Bakhita ne, mai sa'a. Sunan da ɓarayi suka yi mata ba'a da shi ta riƙe, a harshe biyu.

Ta shiga ƙungiyar 'yan zuhudu mata ta Kanosa, ta zauna a garin Schio tana girki da tsaron ƙofa har ta rasu ranar 8 ga Fabrairun 1947, Paparoma John Paul na biyu ya sa ta cikin waliyyan coci a 2000. An ruwaito cewa da aka tambaye ta abin da za ta yi in ta haɗu da waɗanda suka sace ta, ta ce za ta durƙusa ta sumbaci hannunsu, don ta hanyarsu ta san Almasihu. Maganar tana da wuyar haɗiya, kuma bai kamata ta yi sauƙi ba. Ba ta wanke masu aska ba, tabon yana jikinta lokacin da take faɗa. Abin da ta yi shi ne ta ƙi ɗauka. Kuma sunan da take kiran Allah da shi, a karin harshen Venis, Paron ne, maigida, kalmar da ake kiran mai mallakar mutum. Bahaushe ba zai yi mamaki ba. Ubangiji uban gida ne, kuma ubangijin bawa shi ne wanda ya saye shi.

Kalmar ƙarshe a jimlar mugunta ce, tamu, daga mugu. Takwararta sharru ta shigo Hausa ta ƙuntata: ya yi mini sharri, galibi ƙage ake nufi, an laƙaba wa mutum abin da bai yi ba. Khairu kuwa ya shigo ya yalwata, ya zama alheri, har masu fassara suka ɗora masa kalmar da ke nufin baiwar Allah da ba a cancanta ba. A wasiƙarsa ga Romawa Bulus ya hana rama mugunta da mugunta, ya ce a rinjaye ta da nagarta. Suratu Fussilat ma ta yi umarnin tunkuɗe mummuna da abin da ya fi kyau, har maƙiyi ya koma kamar masoyi. Karin maganarmu ta tsaya a tsakiya tana kallon duka biyun: alheri danƙo ne, in ji ta da safe, rama cuta ga macuci ibada ne, in ji ta da yamma. Rama ita ma ba ta zaɓi gefe ba. Ana rama duka, ana rama alheri, ana rama azumi.

A Yulin 2022 waɗannan kalmomi suka bar ƙamus. Rikici ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a Rusairis da kewayen Damazin, kan ƙasa da kan neman Hausawa su samu sarautarsu ta gargajiya, wato kan ko mutumin da aka haifi kakansa a nan ɗan ƙasa ne ko har yanzu Fallata ne, baƙo. A Oktoba ya sake ɓarkewa a Wad al-Mahi. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Sudan tana da nata kayan aiki na irin wannan rana: judiyya, zaman da dattawa masu suna ajawid ke yi tsakanin masu gaba, da diyya, da afuwar da magadan mamaci ke da ikon yi ko su ƙi. A Janairun 2023 shugabannin ƙabilu suka sa hannu a takardar sulhu a Damazin.

Sulhu aka kira ta, kuma sunan ya dace, domin sulhu da ake yi. Ana sulhu da wane, sai ya zo, sai ya zauna, sai ya sa hannu. Gafara da yafiya wa ake yi. Ana yafe wa wane ko yana can nesa, ko bai nema ba, ko bai san an yi ba. Ta wannan ɓangaren koyarwar Kirista ta fi kaifi: Luka ya ruwaito Yesu yana roƙa wa masu gicciye shi gafara tun suna kan aikin, kuma waɗanda suka sace Bakhita ba su taɓa jin amsarta ba. Nahawu ya halatta wannan wa ɗin. Ban ga inda ya ba mai kallo izinin ya nemo ta daga bakin matar da aka ƙone wa gida a Wad al-Mahi ba. Ajawid suna iya tsara da, su yanka diyya, su sa rana. Wata uku bayan takardar Damazin, ranar 15 ga Afrilu, yaƙi ya ɓarke a Khartum, a Disamba ya iso Wad Madani.